Tofi a Kan Shuɗin Gilashi

Ranar kasuwar Makarfi na zauna hutawa a bakin shagon Nura, jikan ƙanwata, wanda yake sayar da kayan sola. Ina ji yana ba abokansa labari, wai ya gani a waya yanzu ana yin sola da wani irin fenti, a shafa a gilashi, shi ke nan sai wuta. Wai ko shi aka ba fentin da buroshi zai yi kafin azahar. Suka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Raina ya ɓaci, na ce, "Nura, rufe mini baki. Abin da kake cewa fenti, na yi shi da hannuna tun ba a haifi uwarka ba, kuma shi ya ci mini ƙuruciya." Suka kwashe da dariya, suna zaton tsufa ne ya fara taɓa ni. To ga labarin, ku karanta, in kun gama ku ci gaba da dariyar.

Sunana Garba, mutumin Gubuchi. A shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki, akwai wata gonar gwaji a gefen Likoro inda ake gwada irin masara da dawa. A bayan ofishin gonar aka ware ɗaki guda aka ba wani malamin kimiyya, Dokta Yusha'u, wanda ya dawo daga karatu a ƙasar waje da akwatunan kayan aiki. Abin da ke ransa shi ne ranar nan da take ƙona mana ƙeya a gona, a sa ta ta ba da lantarki. An kawo shi Likoro ne don a duk yankin nan gonar ce kaɗai take da injin wuta da ɗakin da ba kowa a ciki. Ni kuwa na gama firamare, ina tsintar Turanci kaɗan-kaɗan, aka ɗauke ni in riƙa yi masa aiki.

Aikin farko da ya ba ni wankin gilashi ne, kuma shi na yi ta yi har damina ta zo ta wuce. 'Yan ƙananan gilasai ne, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. A wanke da sabulu, a ɗauraye, a jiƙa a asid, a sake ɗaurayewa da ruwan da muka dafa muka tari tururinsa, a zuba sifirit, a bar shi ya bushe a rufe. Daga ɗauraya ta farko hannu ba ya ƙara taɓa shi, sai hantsaki. In na ce na gama, Dokta zai ɗiga ruwa a kai. Idan ruwan ya baje ya kwanta, gilashi ya wanku. Idan ya dunƙule kamar raɓa a ganyen gwaza, sai ya miƙo mini, in koma farko.

Wata rana na gaji na ce, "Ranka ya daɗe, ai ko a asibiti ba a irin wannan wanki."

Ya ce, "Garba, abin da za mu shimfiɗa a kan gilashin nan, sawun yatsanka a wurinsa tudu ne. Koma ka wanke."

Sai da ya ga hannuna ya faɗa sannan ya bar ni na matsa kusa da tukunyar. Haka muke kiranta, tukunya: wata ƙatuwar kwalba ce ta gilashi mai kauri, girman tulu, a kife a kan farantin ƙarfe. A ƙarƙashinta akwai famfo mai zuƙe iskar da ke ciki har ta ƙare ƙaf. A cikinta akwai ɗan cokalin ƙarfe da ake sa wa wuta ya yi zafi, gilasanmu kuma suna rataye a samansa, fuskarsu ƙasa. Abin da ake zubawa a cokalin wani gari ne shuɗi mai duhu, kamar shunin marina. Dokta ya ce ba dutse ba ne, ba ƙarfe ba ne, dangin rini ne, kuma ɗan'uwan abin da ke sa ganye ya yi kore. Halinsa shi ne ba ya barin lantarki ya wuce sosai kamar tagulla, ba ya kuma tare shi gaba ɗaya kamar roba. In haske ya faɗa masa sai ya farka.

Hawa uku ake yi wa kowane gilashi. Da farko alminiyam, siriri har kana hango sama ta cikinsa. Sannan shuɗin. Sannan ɗan ɗigon azurfa a bisa. Daga nan a liƙa waya mai sirantar gashi, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Na tsakiyar nan, shuɗin, shi ne aikin, mu fata muke ce masa. Yanar da take hawa kan kunu in ya huce, a kusa da shi bargo ce. Dokta bai taɓa cewa mun shafa fata ba, sai dai ya ce mun rene ta. Ka ji, Nura? Reno ake yi, babu buroshi.

Renon kuwa haka yake. Sai famfo ya yi ta zuƙa tun safe har rana ta take, sannan in kama maɓallin wutar cokali in riƙa murzawa a hankali. Garin ba ya narkewa, tururi yake zama, ya tashi ya kwanta a kan gilashin mai sanyi. In ka yi gaggawa garin ya yi tartsatsi, fata ta fito da ƙananan huji da ido ba ya gani, alminiyam da azurfa su haɗu ta cikin hujin, aiki ya mutu. In ta yi kauri haske ba ya ratsa ta. In ta yi siranta da yawa ba ta riƙe komai. Da ido muke aunawa: gilashi ya tashi daga fari ya fara shuɗi-shuɗi, ya ƙara, ya ƙara, sai Dokta ya ɗaga yatsa in kashe. Kafin yatsan nan ya tashi ba na tari, ba na korar ƙuda. Kuma duk wannan a kan injin wutar da muke raba shi da masu casar masara. In mai injin ya ga dama ya kunna na casar ba sallama, wutarmu ta yi ƙasa, famfo ya yi tari, iska ta koma tukunya, aikin yini ya tafi. Na yi faɗa da mutumin nan har muryata ta dushe, bai taɓa gane abin da yake ɓata mana ba.

Ranar da fata ta yi kyau, sai mu fitar da ita tsakar gida, mu haɗa wayoyinta da wata mita mai allura. Da rana ta faɗa mata sai allura ta tashi. Ka sa tafin hannu ka yi mata inuwa, ta faɗi. Ka janye, ta tashi. Wutar ba ta isa ta kunna ko ƙwan tocila ba, na san nan ne za ku yi dariya. Amma ba batir, ba injin, ba mai, rana ce kawai da ɗan shuɗi. Ni dai duk lokacin da na ga allurar nan ta motsa sai tsigar jikina ta tashi.

Masu zuwa wurinmu iri-iri ne. Malaman makarantar horon malamai sukan kawo ɗalibai su gani, wani lokaci mu ba su gilashi guda a cikin kwalba su tafi da shi. Akwai masana a nesa da Dokta yake aika wa don su gwada a nasu kayan. Sai kuma mutanenmu. Wani manomi daga Saulawa ya taho a keke da rediyonsa a ɗaure a baya, bayan doguwar gaisuwa ya ce, "An ce kuna ɗura rana a kwalba. Batir ya yi tsada, a ɗura mini a nan." Dokta bai yi masa dariya ba. Ya zaunar da shi ya nuna masa allurar, ya ce, "Baba, yanzu jaririya ce. Amma jikokinka za su ji rediyo da ita." Mutumin ya duba allura, ya dubi Dokta, ya ce, "To Allah Ya raya ta." Ya hau kekensa.

Wani abu da sana'ar ta jawo mini shi ne maganar gaisuwa. In na wanke hannu don aiki, ba na musafaha sai na tashi. Ƙasarmu kuwa ƙasar rake ce, hannun kowa da danƙon zaƙi, ko man shanu, ko jan goro. Baƙo ya miƙo hannu, sai in miƙa masa tsintsiyar hannu kamar mai cin tuwo. Kafin wani lokaci labari ya kai Gubuchi wai Garba ya zama Bature, yana ƙyamar hannun mutane. Na yi bayani har na gaji. Wa zai yarda cewa akwai abin da hannun Musulmi mai alwala zai ɓata?

Muguwar shekararmu ta zo a tsakiyar yaƙin basasa. Kaya suka daina zuwa daga waje. Man famfo ya yi baƙi, muka riƙa tace shi da ƙyalle muna mayarwa. Garin shuɗi ya ragu har abin da ya saura bai fi ya rufe farcen babban yatsa ba. Ga damina mai nauyi, ɗaki kullum a jiƙe, alminiyam yana lalacewa tun kafin mu rufe shi. A wannan hali manajan gonar ya fara cewa yana son ɗakin ya zuba taki. Aka yi ta kai ruwa rana, daga ƙarshe aka ce kwamiti zai zo daga Kaduna ya gani da idonsa. Idan allura ta motsa a gabansu, ɗaki ya tsaya, a sayo mana kaya. Idan ba ta motsa ba, a rufe.

Muka zuba ragowar garin duka a cokali. Na roƙi mai injin har da durƙusawa kada ya taɓa komai ranar, ya kuwa ji. Ban taɓa murza maɓallin nan da natsuwa irin ta ranar ba. Da muka buɗe tukunya muka gwada, sauran duk suna da huji, gilashi ɗaya ne ya fita. Amma wane irin ɗaya! Allura ta tashi ta wuce inda ta saba tsayawa. Dokta, wanda ba ya yabon kowa, ya ce, "Garba, wannan renonka ne." Muka sa shi a kwalba mai murfi, da wani gishiri a ƙasa mai shanye laima, muka ajiye.

Ran da kwamiti suka zo, shugaban tafiyar wani mutum ne da kowa ke kira Sakatare, mai farin tabarau da agogon zinariya, wanda shi ma ya yi karatu mai zurfi. A gabana Dokta ya gaya masa, da Turanci ya kuma maimaita da Hausa, cewa gilashi ɗaya ne ya rage mana, ba a taɓa shi da hannu, ba a ko yi masa numfashi. Sakatare ya ce ya gane sarai. Kamar yadda aka saba in manyan baƙi sun zo, an gayyato dattawan gari su tarye su. Cikinsu har da Baffa Malam Audu, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana. A wajenmu ba a fara sabon abu sai Baffa ya sa albarka. Sabuwar rijiya, sabuwar garmar shanu, irin shuka, jariri, duk sai an kawo ya karanta ya tofa, ya shafa da babban yatsa. Ya taka tun daga Gubuchi don ya ga aikin ɗansa da ake ta surutu a kai.

Aka kafa tebur a fili inda rana take, aka ɗora kwalbar. Dattawa suna zaune a inuwa, an kawo musu rake suna sha. Dokta ya koma ɗaki ɗauko mita, ni ina warware waya. Ina ɗagowa sai na ga Sakatare ya buɗe murfi, ya sa yatsu biyu ya ɗauko gilashin, ya nufi dattawa yana murmushi.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ba ma fara komai babu albarkar manya. Bismilla."

Baffa ya ajiye rakensa, ya karɓa ya ɗora a tafin hannu, ya fara karatu. Na san abin da ke biyo bayan karatun, duk wanda ke wurin ya sani. Ban san lokacin da murya ta fita daga bakina ba.

"Baffa! Kar ka tofa!"

Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi!" Wani ya ce, "Kai, yaro, ubanka kake yi wa tsawa a gaban baƙi?" Baffa ya ɗago ya dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonsa ba. A ganinsa ɗan da ya rena ne yake ƙyamar addu'arsa a bainar jama'a, maganar da ake yi a gari ta tabbata. Ya ƙarasa karatunsa a natse, ya tofa, ya shafa da babban yatsa, ya miƙa wa Sakatare. Na ga shuɗi a yatsansa.

Dokta ya fito da mita a hannu, ya dubi gilashin, ya dube ni. Ya haɗa wayoyin duk da haka, ya juya shi ga rana. Allura tana kwance. Ya gyara waya, ya sake juyawa, tana kwance. Sakatare ya duba agogonsa ya ce, "To, Dokta, mun gani. Sai dai kuma a riƙa koya wa ma'aikata ladabi." Dokta ya buɗe baki zai yi bayani, amma me zai ce? Ya tsaya a gaban dattawan ƙasa ya ce addu'ar malaminsu ce ta kashe aikin? Sakatare ya san Dokta ba zai iya faɗa ba, shi ya sa ya bi ta nan. Da za su tafi na zaga bayan ofis, sai ga babbar mota cike da buhunan taki, an lulluɓe da tamfol. Tun da safe take nan tana jira.

Wannan ne abin da har gobe yake ci mini rai. Da cewa suka yi ba kuɗi, ana yaƙi, a rufe, da mun ji zafi mun haƙura. Amma mutum ya yanke hukunci tun daga Kaduna, ya rasa ƙarfin halin faɗa da bakinsa, sai ya ari bakin tsoho mai tsoron Allah ya yi ɓarnar da shi, ya kuma haɗa ɗa da uba faɗa, ya shiga mota ya tafi hannunsa fes.

Kafin mako ya zagayo an zuba taki a ɗakin. Dokta ya koma koyarwa a wata sakandare, bai ƙara renon fata ba har ya rasu. Tukunyarmu kuwa na gan ta daga baya a gidan manaja, an kife ta a kan ƙwaryar fura don ƙuda. Ni na dawo Makarfi na kama gyaran rediyo, da shi na ci abinci har ƙarfina ya ƙare. Hannun da ya saba da wayar gashi, rediyo wasa ne a wurinsa.

A Gubuchi kuwa na zama abin nuni. In na je gaishe da Baffa in durƙusa, sai ya ci gaba da jan carbinsa kamar ba kowa. Haka muka yi har aka girbe dawa. Wata rana bayan la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai, na gaishe shi, a karon farko ya amsa.

Ya ce, "Garba, shuɗin nan ya kwana biyu a yatsana bai fita ba. Abin da na tofa wa, mutuwa ya yi?"

Na ce, "Ya mutu, Baffa."

"Tofin ne ya kashe shi?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Tambayarka nake."

Na ce, "Laima ba ta taɓa shi, Baffa, ko ta numfashi. Hannu ma ba ya taɓa shi. Shi ya sa nake miƙa wa mutane tsintsiyar hannu."

Can ya ce, "Mai tabaran nan da ya miƙo mini, ya san haka?"

"An gaya masa da safe, a gabana."

Baffa ya ajiye carbi. Ya ce, "Ashe da addu'ata aka yanka ku. Ni da na taka tun daga nan don in sa albarka." Ya girgiza kai. "Da an gaya mini abin yana da nasa irin tsarkin, ai daga nesa zan yi. Addu'a ba ta jiran yawu kafin ta isa. Tashi, Allah Ya yi maka albarka. Tsawar da ka yi mini, da ka yi ta da wuri."

Daga ranar har ya koma ga Allah, duk abin da aka kawo masa daga hannun ma'aikata ya sa albarka, ko injin ban ruwa ne ko akwatin magani, sai ya fara tambaya, "Ana taɓawa?" Mutane suna ɗauka barkwanci ne. Ni kaɗai na san ba wasa yake ba.

Kwanakin baya su Nura suka ɗora sola a kan masallacin unguwarmu a Gubuchi. Kafin a hau da shi aka jingine shi a bango, aka ce ni ne babba yanzu, in zo in sa albarka. Na zo da sandata na tsaya nesa kaɗan, na ji bakina yana cewa, "Ana taɓawa?"

Nura ya yi dariya ya ce, "Haba Kaka, wannan ko ruwan sama ya dake shi ba ruwansa. Taɓa mana."

Ban taɓa ba. Na mai da hannuwana baya, na yi addu'ata daga inda nake tsaye, ban tofa ba. Na sa Baffa a ciki, na sa Dokta Yusha'u, na sa manomin Saulawa mai rediyo. Sakatare kuwa Allah Ya san inda yake kwance, ni dai ban ambace shi ba.